Damagaram: ga mai, ga dabbobi, ga Kano a kusa, me ya hana jari zama?

Tun ranar 28 ga watan Nuwamba na 2011 da aka ƙaddamar da matatar SORAZ a kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram, duk litar esans da aka tace daga man Nijar a wannan jiha aka tace ta. Ita ce kuma jihar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar: ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3 da rabi, yau kuwa adadin ya wuce haka nesa. Kano, uwar kasuwannin arewacin Najeriya, tana nisan kilomita 240 ne kawai, alhali mai zuwa Yamai sai ya ci kusan 900. Akwai dabbobi daga Tanut har Gure, akwai gyaɗa da riɗi da wake a Magarya da Matamai, akwai rake a kwarin Korama.

Wanda ya karanta wannan lissafi a takarda zai ɗauka masu kuɗi na rububin zuwa. Wanda ke zaune a Birni ko Zango ko Garin Malam ya san ba haka abin yake ba. In ka cire matatar, da wuya ka ƙirga masana'antun da ke ɗaukar ma'aikata ɗari a duk faɗin jihar har ka cika yatsun hannu guda. Matasa na fita daga jami'ar André Salifou da takardunsu, su dawo su hau kabu-kabu. Matan Kance na ci gaba da bin hanyar Aljeriya da yara a goye, duk da abin da ya faru a watan Oktoban 2013, lokacin da mutum 92, akasarinsu mata da ƙananan yara, suka mutu da ƙishirwa a cikin hamada.

Tambayar da ta dace a yi ba ita ce ko akwai arziki a Damagaram ba. Akwai. Abin bincike shi ne dalilin da ya sa kuɗin da ake samu a nan ba ya zama ya haihu a nan.

Garin da fatauci ya gina

Damagaram ba baƙuwar dukiya ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin na ɗaya daga cikin manyan zangunan ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Ghat da Agadez, ya sauka nan kafin ya ƙarasa Kano. Unguwar Zango ma daga nan ta samo sunanta. Fatu da gashin jimina da kanwa da gishiri, har da bayi, tunda tarihi ba a yi masa kwaskwarima, su ne suka cika taskar sarki har ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya tarar da shi cike da fatake. Sunan Malam Yaro, attajirin da Faransawa suka tarar lokacin da suka ci garin a 1899, har yau ba a manta da shi ba.

Shekara guda ta juya wa wannan ciniki baya. A 1911 jirgin ƙasa daga Legas ya iso Kano, a wannan shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗauke da su sai suka koma isowa ta teku da dogo cikin 'yan kwanaki. A 1911 ɗin ne dai Faransawa suka mai da Damagaram babban birnin mulkinsu, abin da ya ɗan rufe asarar. Amma a 1926 suka kwashe fadar gwamna zuwa Yamai. Cikin dalilan da suka bayar akwai ƙarancin ruwa. Wani dalilin, wanda ba su cika faɗa da ƙarfi ba, shi ne garin ya fi karkata ga Kano ta Ingilishi fiye da yadda suke so.

Sai zamanin gyaɗa. A shekarun 1960 ita ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje, kuma kudancin Damagaram da Maraɗi ne ke noma ta. An kafa SONARA a 1962 don saye da fitarwa, an gina matsar mai a Matamai da Magarya, an kafa SOTRAMIL a cikin birni don sarrafa gero, ga kuma majema ta zamani. Wannan shi ne lokaci guda da jihar ta taɓa kama hanyar zama yankin masana'antu. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, suka karya shi. Kafin a farfaɗo, hankalin gwamnati ya koma kan uraniyom na Arlit. Dattawan Magarya na iya nuna wa baƙo inda dalar gyaɗa take a da.

Abin da za a riƙe daga wannan tarihi shi ne, sau uku ana yanke shawarar da ta canza makomar garin a wani wuri dabam: a Legas, a Dakar da Paris, sannan a Yamai. Attajirin Damagaram ya koyi darasi daga nan, ya riƙe dukiyarsa a abin da zai iya kwashewa ko ya sayar cikin mako guda.

Abin da matata ta kawo, da abin da ba ta kawo ba

SORAZ na iya tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar na da 40. Ɗanyen man na zuwa ne daga Agadem ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460. Lokacin da aka buɗe ta, an ƙiyasta Nijar ba za ta sha fiye da ganga 7,000 a rana ba, sauran kuwa na sayarwa ne ga maƙwabta.

Ba za a ce ba ta amfani kowa ba. Masu tankoki sun samu, gidajen mai sun yawaita, masu gidajen haya da masu abinci a kan hanyar Tanut sun ga canji, iskar gas ta girki ta shiga gidajen da a da ba su san komai ba sai itace. Sai dai matatar mai irin sana'ar nan ce da ke cin kuɗi masu yawa ta ɗauki mutane kaɗan. Ma'aikatanta ɗaruruwa ne, a jihar da dubban matasa ke isa shekarun neman aiki kowane wata. Su ma waɗanda ta ɗauka sun daɗe suna kukan bambancin albashi tsakaninsu da takwarorinsu 'yan Sin, kukan da a watan Maris na 2025 ya kai hukumomin Yamai ga sallamar manyan jami'ai uku 'yan Sin na CNPC da SORAZ da WAPCO daga ƙasar. Doka ta tanadi a mayar wa ƙananan hukumomin yankunan da ake aikin mai kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke karɓa, amma ƙungiyoyin fararen hula sun shekara suna ƙorafin cewa kuɗin na makara ko ya zo a gutsure. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun gari aka naɗa masu riƙo, talaka ya rasa ma kansilan da zai tare a bakin masallaci ya tambaye shi.

Babban kuɗin man yanzu ba ta Damagaram yake bi ba. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, an yi shi ne don ganga 90,000 a rana, ninki huɗu da rabi na abin da SORAZ ke tacewa. Jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Da shi ne aka samu bashin dala miliyan 400 da CNPC ya bai wa gwamnati a watan Afrilun wannan shekarar, da shi ne kuma alƙaluman bunƙasar tattalin arzikin ƙasa suka haura kashi 8 cikin ɗari. Matata ta biyu da ake magana a kanta, a Dosso aka ce za a gina ta.

Wahalar man da aka sha a watan Maris na 2025 ta tona wani asiri. Shekara da shekaru, kaso mai yawa na esans ɗin da babura da motocin Damagaram ke sha ba na SORAZ ba ne, na Najeriya ne da ake shigowa da shi a jarka a sayar a kwalba. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya tashi a can, a nan kuma gwamnati ta sauke lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, sai kowa ya dawo kan famfo. Matatar ta kasa ɗauka. Mutane suka kwana a layi a garin da ake tace man, har sai da aka aika tawaga Abuja neman tankoki. Samarin da ke cin abinci da fasa-ƙwaurin nan, ciki har da 'yan fale da dama da suka bar daba suka kama sana'ar, su ne suka fara ji a jikinsu.

Iyaka da naira

Duk mai son fahimtar kasuwar Dole, sai ya fara da farashin naira. A farkon 2023, jika guda ta sefa tana canzuwa a wajen naira 1,200 a hannun 'yan canji. A 2024, bayan da Abuja ta saki kuɗinta, jikar nan ta kai wajen naira 2,500. Ragon da makiyayi ya yi wa kuɗi jika 100, wanda ɗan Kano ke biyan naira dubu 120 a kansa, sai ya koma naira dubu 250 ba tare da ragon ya ƙara ko kilo guda ba. Ko dai mai saye ya janye, ko mai rago ya karya farashi. A ɗaya gefen kuma, sabulu da taliya da robobi da lemun kwalba na Kano suka ƙara araha ga mai riƙe da sefa. Matar gida ta ji daɗi. Amma wanda ke tunanin kafa ƙaramar masana'antar sabulu a Damagaram sai ya sake lissafi, domin sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta sauka don ta taimake shi.

Kan wannan sai a ɗora rufe iyaka. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta saka takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Wato cikin shekara biyar, kusan biyu ƙofar Kano a rufe take a hukumance. Kowa ya san kaya ba su daina wucewa ta daji ba, sai dai kowane buhu ya ƙara kuɗin babur da na masu tsaron hanya. Iyakar Benin kuwa Nijar ta bar ta a rufe, kayan da a da ke zuwa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan su fara tafiyar kilomita 900 zuwa nan. Babu babban birni a ƙasar da wannan zagaye ya fi yi wa tsada in ba Diffa da Agadez ba.

Sannan ga matakan cikin gida. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina. A watan Mayun 2025, gab da babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Niyyar a fili take, kuma ma'aikacin da ke neman ragon layya a Yamai ya gode. Amma makiyayin Tanut da dillalin Kundumawa ba su da abokin ciniki a Bamako. Kasuwarsu Mai'aduwa ce da Maigatari. Mai kuɗin da ya ga an rufe masa kasuwa da sanarwa guda a rediyo, wata guda kafin lokacin da ya yi shekara yana jira, ba zai zuba miliyan ɗari a gidan kiwon turka ba, ko da an yafe masa haraji na shekara goma.

Wani tsibiri da ya fara da rake

A tarukan masana tattalin arziki na ƙasashen da ke amfani da Faransanci, in ana neman misalin ƙaramar ƙasar da ta fita daga talauci ba tare da mai ko zinariya ba, sunan tsibirin Moris ake kawowa. Yana cikin tekun Indiya, kusan kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanensa kuma ba su kai rabin na jihar Damagaram ba. Lokacin da ya samu 'yanci daga Ingila a 1968, sukari ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da yake sayarwa waje. James Meade, masanin da daga baya ya samu kyautar Nobel, ya rubuta rahoto a 1961 yana hasashen yawan haihuwa da rashin aiki za su durƙusar da shi. Yau abin da ke faɗa wa kowane ɗan ƙasar a lissafin shekara ya haura dala 10,000, na ɗan Nijar kuwa bai kai 1,000 ba.

Abin da ake yawan ambata shi ne dokar 1970 da ta kafa yankin masana'antu marasa haraji. Masu masaƙu daga Hong Kong suka zo, saboda daga Moris suna iya shigar da tufafi Turai ba tare da shingen da aka saka wa ƙasarsu ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 masana'antun nan na ɗauke da mutum kusan 90,000, akasari mata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga ina sauran jarin ya fito. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta bai wa tsibirin damar sayar wa Turai kimanin tan dubu 500 na sukari kowace shekara a farashin da aka lamunce, wanda sau da yawa ya fi na kasuwar duniya. Iyalan da ke da gonakin rake suka san abin da za su samu baɗi da baɗin waccan, suka ɗauki ribar suka zuba a masaƙu da otal-otal na cikin gida. Gwamnati ta ɗora haraji a kan sukarin da ake fitarwa, ta mai da karatun sakandare kyauta a ƙarshen shekarun 1970. Gwamnatoci sun yi ta faɗuwa zaɓe suna sauka, na baya-bayan nan a Nuwamban 2024, amma babu wadda ta tashi da safe ta soke alkawarin da ta gada a kan masu masana'antu.

Ba a nan labarin ya ƙare ba, kuma ba duka ne abin koyi ba. Daga shekarun 1990 tsibirin ya zama maɓoyar kamfanonin da ke gudun haraji, har Senegal ta soke yarjejeniyar harajin da ke tsakaninsu bayan ta gano asarar da take yi. Daga 2020 zuwa 2021 ya shiga jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan halatta kuɗin haram. Annobar korona ta nuna haɗarin dogaro da masu yawon buɗe ido, waɗanda a shekara mai kyau sukan fi 'yan ƙasar yawa. Kuma Moris ƙasa ce mai tashar jiragen ruwa da majalisar dokokinta da kuɗinta, Damagaram kuwa jiha ce da ba ta da ikon sauya ko sisin harajin duwan.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Baƙo bai riga ɗan gida zuba jari ba, tare suka zuba, kuma ɗan gidan ya yarda ne don ya samu kasuwa tabbatacciya da dokar da ba ta canza fuska. Ga mai ganin ayyana fili a kira shi yankin da babu haraji ya isa, sai ya leƙa Maigatari, nan tsallaken Dungas. Jihar Jigawa na da irin wannan yanki tun farkon shekarun 2000, har yau bai cika da masana'antu yadda aka yi fata ba.

Inda damar take

Masu kuɗi a Damagaram ba su ɓace ba. Ana ganin dukiyarsu a manyan motoci, a gidajen mai, a filaye da benaye, a shagunan Yamai da Kano da Dubai. Ba wauta ba ce. Tirelar shinkafa na juya kuɗi cikin wata guda, injin matsar mai kuwa sai ya shekara biyar kafin ya mayar da abin da aka kashe. Bashin banki a Nijar na cikin mafi tsada a yankin UEMOA, da yawa daga cikin alhazai ma ba sa kusantarsa saboda riba, kuma wanda ya tsaya a layi a 2023 yana roƙon a ba shi kuɗinsa na kansa lokacin takunkumi bai manta ba.

Amma ga mai iya haƙuri, wuraren da riba ke tsiyaya zuwa waje a bayyane suke. Na farko fata. Fatun awaki da tumaki na jihar nan ana tara su ne da gishiri a kai majemun Sharaɗa da Chalawa a Kano, daga can su wuce Italiya da Sifaniya da sunan fatar Najeriya. Ta shanu kuwa da yawa a tukunya take ƙarewa, a matsayin ganda. Garin da dukawansa suka yi suna tun zamanin ayari yana sayar da fata a matakin da ta fi arha. Ko jima ta matakin farko kawai aka yi a nan, an riƙe wani kaso na kuɗin. Haka riɗi: ana auna shi a tiya a kasuwannin Magarya da Dungas, a tsallaka da shi Maigatari da Dawanau, a can a tace shi a zuba a buhun da ke ɗauke da sunan wata ƙasa. Injin tacewa da sito mai kyau ba su kai kuɗin tirela biyu ba.

Man gyaɗa na hannun mata ne, a gida, da turmi da ƙaramin inji, kuma su ne masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba tun bayan SONARA. Abin da ke hana su girma shi ne a kaka ba su da kuɗin sayen gyaɗar shekara, a bazara kuma ta yi tsada. Tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa, wanda ƙungiyoyin manoma suka daɗe da gwadawa a ƙasar nan, shi ne maganin wannan, in an samu mai kuɗin da zai shiga da ciniki irin na musharaka maimakon ruwa. Raken Korama, daga Dungu zuwa Bande da Waca, ana shan shi ne a tsaye a tasha, ko a loda shi zuwa Agadez da Yamai, abin da bai samu mota ba ya bushe. Ba wanda zai ce a gina katafaren kamfanin sukari a kan rake irin wannan, ruwan kwarin ma ba zai ɗauka ba. Mazarƙwaila mai tsabta a cikin leda kuwa, a ƙasar da ke sayo kusan duk sukarinta daga waje, ba mafarki ba ne. Famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana sun riga sun fara shiga lambunan Mirya da Gidimuni, kuma wanda zai sayar da su bashi ya kuma horar da masu gyara yana da kasuwa a gabansa.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, na miliyan hamsin zuwa ɗari biyar, ba na miliyar ɗari da ake yanke wa kyalle a talabijin ba. Su ne kuma ke ɗaukar mutane.

Ruwa da wuta

Sai dai kowane ɗayansu na komawa ga abin da ya kori gwamna a 1926. Birnin na zaune a kan dutse, rijiya ba ta ba da abin kirki. Ruwan famfo daga waje ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram, kuma duk lokacin da aka kammala sabon aiki sai a tarar gari ya riga ya fi shi girma. A watannin Afrilu da Mayu akwai unguwannin da mata ke tashi tsakar dare su tari famfo, 'yan garuwa kuma su ninka farashi. Maye gurbin kamfanin SEEN da NDE a farkon 2024 bai ƙara ko ɗigo a ƙarƙashin ƙasa ba. Majema na shan ruwa kamar raƙumi, mahauta ta zamani ma haka. Duk mai shirin kafa su a cikin birni zai yi takara da tulun matan unguwa, kuma shi zai sha kaye. Ma'ana, in za a yi masana'antu a jihar nan, wurinsu kudu ne, wajen Matamai da Magarya inda ruwa ke kusa, iyaka ma ke kusa. Abin takaicin shi ne ruwan da gari ke nema a rani shi ke rusa shi a damina: a farkon Satumban 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 a tsaye.

Wuta kuma rabi a hannun maƙwabci take. Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso, ya biyo ta Gazawa. A Agustan 2023 Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, ta katse shi. Masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara sun san abin da suka yi asara a watannin nan. An dawo da wutar, akwai kuma injunan da ke taimakawa daga cikin gida, amma mai sanyaya nama ba ya iya cewa nama ya jira NIGELEC.

Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine haifaffen Damagaram ne, kuma masanin kuɗi ne da ya san waɗannan alƙaluma fiye da kowa. Abin da 'yan kasuwar jiharsa ke buƙata daga gwamnatin da yake jagoranta bai kai tsadar bututu ba: a sanar da matakin hana fitar da kaya tun da wuri, a faɗi ranar da zai ƙare, a buga abin da ake bin gwamnati na kashi 15 ɗin nan gari-gari, a kuma samu fahimta da Abuja kan iyaka wadda ba za ta dogara da ko shugabanni na ga-maciji ko suna shiri ba. Fitar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 tana nan, ofishinta ma a Yamai yake.

Akwai kuma agogon da ke tafiya. Dogon da Najeriya ta aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa, zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi. Aikin ya yi jinkiri, amma bai tsaya ba. Ranar da ya kammala, kwantenar da ta sauka Legas za ta iya isa Katsinar Maraɗi ba tare da ta hau kwalta ba. Tashar da ta fi kusa da Damagaram a kan wannan layi ita ce ta Daura, 'yar tafiya kaɗan daga Kwangwalam da Maimujiya. Ko za a samu sito da ofishin duwan da wurin lodin dabbobi a wannan gefen iyakar kafin jirgin farko ya yi kuka, magana ce da ya kamata majalisar 'yan kasuwar jiha da fadar Sultan da ofishin gwamna su ajiye a kan tebur tun yanzu.